Abin Da Ke Ƙone Amfilifaya A Gidan Biki

Daga Wakilinmu na Arewa, Suleja

A Kurmin Sarki, ɗaya daga cikin unguwannin Suleja ta Jihar Neja, kamar sauran unguwannin garin irin su Bagama da Magajiya da Hashimi, ba a yin sha'ani yanzu sai da lasifika. Ɗaurin aure ne, ko suna, ko walimar sauka, ko taron siyasa, sai an kira mai kayan sauti ya zo ya jera akwatunansa a ƙofar gida. Hayar waɗannan kaya ta zama sana'ar da samari ke cin abinci da ita, kuma sau da yawa jarin daga hannun 'yan'uwanmu mazauna kudu yake fitowa. Mutum yana gadi a Ikko, ko yana sayar da albasa a Mile 12, ko yana tireda a Sabon Badun, ya yi shekara yana tari, sa'an nan ya shiga kasuwar Alaba ya sayi amfilifaya da lasifikoki, ya ɗora a mota zuwa gida domin ƙanensa ya sami abin yi.

Abin takaici shi ne ba kowane inji ke ganin salla biyu ba. Ana tsakiyar biki, amarya ta fito fili, sai a ji sauti ya ɗauke ɗif, ƙauri ya tashi daga bayan tebur. Uwar biki ta hana cikon kuɗi, yaro ya sha kunya a gaban jama'a, wan da ke Ikko kuma ya ji labari ta waya ya ce an yi sakaci da guminsa. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce wutar NEPA ce, wani ya ce janareta, wani ya ce an sayar musu da jabu, wani ma ya ce baki ne ya kama kayan. Ana samun wutar da ke ɓarna, ana kuma samun jabu. Amma sau tari laifin na wani ɗan ƙaramin lissafi ne da ba a yi ba kafin a jona waya, watau lissafin om. Wanda ya iya raba 8 gida 2 ya iya wannan lissafi, kuma shi za mu bi daki-daki a wannan shafi.

GARIN DA SANA'AR KE CI

Suleja ba baƙuwar taro ba ce. Ita ce tsohuwar Abuja wadda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Bayan dokar 1976 da ta keɓe ƙasar sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991, garin ya cika ya batse da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda tsadar haya ta hana su zama cikin birnin. Hausawa da Gbagyi da Koro da Nufawa da Yarbawa da Ibo duk suna zaune, kowa da irin bikinsa, inda jama'a ta yi yawa kuwa sha'ani ba ya yankewa.

A zamanin da, in ana son magana ta kai nesa, sanƙira da maroƙi ke ɗaga murya. Lasifika ta shiga garuruwan Arewa tare da motar majigi da motocin yaƙin neman zaɓe, daga baya masallatai da makaɗa suka rungume ta. Yanzu ga mai DJ, wanda ke buga waƙoƙi daga kwamfuta ko wayar hannu. Ita wannan sana'a ta tara manyan akwatuna a buga faifai a fili ta yi suna ne tun shekarun 1950 a birnin Kingston na ƙasar Jamaika. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera wa masu kiɗan can injinan sauti shi ne Hedley Jones, wanda ya koyi aikin na'urar rada a rundunar sojan saman Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Watau tun asali sana'ar ta mutum biyu ce, mai zaɓen waƙa da mai sanin wuta. A nan gida yaro ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, kuma galibi na farkon kaɗai ya koya.

MENE NE OM?

In ka juya bayan akwatin lasifika za ka ga an rubuta lamba, 4 ko 8 ko 16, da wata alama mai kama da takalmin doki a gefenta. Wannan ita ce om, ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke tura mata. An ɗauko sunan daga Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe, wanda ya bayyana dokar a 1827. A cikin lasifika akwai siririyar waya da aka nannaɗe, wadda masu gyara ke kira kwail, tana zaune a cikin maganaɗisu, an manna ta da faifan takarda. Wuta ta bi ta kwail, faifan ya motsa gaba da baya, iska ta girgiza, kunne ya ji sauti. Irin wannan lasifika Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka fito da ita a 1925, kuma har yau a kan tsarinsu ake.

Mu ɗauki amfilifaya kamar injin tura ruwa. Ƙarfin turin shi ne bolt, yawan ruwan da ke gudu shi ne amfiya, ƙuncin bututun kuwa shi ne om. In bututu ya yi ƙunci ruwa kaɗan ke wucewa, inji yana hutawa. In ya yi faɗi ruwa mai yawa ke kwarara, inji yana shan wuya. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin suna zaton ƙaramar lamba ita ce ƙaramin kaya. Alhali kuwa om 4 ta fi om 8 nauyi a wuyan inji, om 2 kuma ta fi su duka.

Ga misali da lambobi. A ce amfilifaya na tura bolt 40. A raba bolt da om a sami amfiya, a ninka bolt da amfiya a sami wat. In an jona masa om 8, zai ba da amfiya 5, watau wat 200. In om 4 ce, amfiya 10, wat 400. In om 2 ce, amfiya 20, wat 800. A takarda kamar riba aka ci. Amma injin da aka ƙera domin ya ɗauki amfiya 10 ba shi da inda zai samo 20, sai dai ya yi ta yunƙuri yana zafi har taransistocinsa su ƙone. Injinan kirki suna da na'urar kare kai, in zafi ya yi yawa sai su kashe kansu, fitilar da aka rubuta Protect ta kama. Masu araha da yawa ba su da wannan gata.

Saboda haka kowane amfilifaya yana da iyakarsa, an rubuta a bayansa kusa da inda ake jona waya, ko a cikin littafinsa. Yawancinsu om 4 ne a kowace tasha, wasu manya suna jure wa om 2. Doka ta farko ke nan: kada om ɗin da aka jona ta yi ƙasa da lambar da aka rubuta. Ta fi lambar babu laifi, sauti ne kawai zai ɗan ragu.

HAƊI IRI UKU

Haɗi na farko shi ne wanda masu gyara ke kira faralel, watau kafaɗa da kafaɗa. Jar waya ta kowace lasifika ta tafi ga jan kai na inji, baƙa ta tafi ga baƙi. Wannan kamar ƙara buɗe famfo ne a kan inji guda, saboda haka om raguwa take yi. In lasifikokin duk om ɗinsu ɗaya, a raba da yawansu. Guda 2 masu om 8 su ba da om 4. Guda 3 su ba da om 2.7. Guda 4 su ba da om 2. In kuwa sun bambanta, a ninka lambobin biyu, a raba da jimlarsu. Mai om 8 da mai om 4: 8 sau 4 ya zama 32, a raba da 12, a sami om 2.7. Har wa yau mai om 4 za ta sha wuta ninki biyu na 'yar'uwarta, shi ya sa gauraya su ba dabara ba ce.

Haɗi na biyu shi ne siris, watau jerin gwano. Jar waya daga inji ta shiga jan kai na lasifika ta farko, baƙin kanta ya tafi jan kai na ta biyu, baƙin kan ta biyu ya koma inji. A nan tara om ake yi: 8 da 8 su zama 16. Inji zai huta, amma da bolt 40 ɗin nan wat 100 kaɗai za a samu, kowace lasifika 50. Illarsa kuma, in kwail ɗin ɗaya ya tsinke duk jerin shiru zai yi. Kuma ba a yin sa sai da lasifikoki iri ɗaya.

Haɗi na uku gamin gambiza ne, kuma shi ke fid da mai lasifika huɗu kunya. A yi wa biyu jerin gwano su zama om 16, a yi wa sauran biyun haka, sa'an nan a haɗa jeri biyun kafaɗa da kafaɗa. 16 a raba gida 2, an dawo om 8. Lasifika huɗu suna magana, inji kuwa nauyin guda ɗaya yake ji.

YADDA AKE FAƊAWA RAMI

Mu ƙaddara wani yaro a Kurmin Sarki yana da amfilifaya mai tasha 2, kowace iyakarta om 4, da akwatuna 4 masu om 8. Ya sa biyu a dama biyu a hagu, kowace tasha tana ɗauke da om 4, kome lafiya lau. Ranar biki abokan ango suka ce sauti bai kai bakin titi ba. Sai ya aika aka aro akwatuna biyu daga wurin abokinsa. A bayan yawancin akwatuna akwai kafa biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, domin a ja waya daga wannan akwati zuwa wancan. Abin da yaron bai sani ba shi ne a cikin akwatin kafofin nan biyu kafaɗa da kafaɗa aka haɗa su. Da ya soka na uku a kowane gefe, tasha ta sauka daga om 4 zuwa 2.7. Da farko sauti zai yi daɗi, jama'a su yi shewa. Bayan an ɗauki lokaci ana dukan ganga, sai inji ya yi sallama.

Akwai kuma wani tarkon. Manyan akwatunan nan masu lasifika biyu 'yan inci 15 ko 18 a ciki, yawanci an riga an haɗa biyun kafaɗa da kafaɗa tun daga masana'anta, saboda haka akwati ɗaya om 4 ne. Shi kaɗai ya cika tasha. In aka ja waya daga gare shi zuwa ɗan'uwansa, an faɗa om 2 ke nan. Don haka ba akwati ake ƙirgawa ba, om ake ƙirgawa.

To, in rubutun baya ya goge fa, ko akwatin ƙirar kafinta ne, ko an taɓa sake naɗa kwail? Sai a nemi mita irin ta masu gyaran rediyo, wadda kuɗinta bai kai na taransisto ɗin da za su ƙone ba. A cire akwati daga inji, a juya mita zuwa ma'aunin om, a taɓa kawunan biyu. Mita tana nuna ƙasa da lambar gaskiya kaɗan. Lasifika mai om 8 za ta nuna wajen 6, mai om 4 ta nuna wajen 3. In an gama jona duk akwatunan tasha guda, a auna bakin wayar da za ta shiga inji kafin a soka ta. In mita ta nuna 2 ko ƙasa da haka alhali iyakar inji 4 ce, a tsaya a rage kaya.

Wani abin lura kuma shi ne maɓallin da aka rubuta Bridge a bayan inji, wanda ke haɗe tasha biyu su zama ɗaya mai ƙarfi. In an yi haka, kowace tasha rabin om ɗin da aka jona take gani. Injin da iyakarsa om 4 ce a kowace tasha, in an haɗe shi, om 8 ce iyakarsa. Wanda ya haɗe tasha ya jona akwati mai om 4, daidai yake da wanda ya ɗora wa kowace tasha om 2.

WAT NA GASKIYA DA WAT NA TALLA

Bayan om sai wat. A jikin kwali akan ga lambobi masu ban tsoro, wat 5,000 ko 10,000, da haruffan PMPO a gefe. Wannan lambar talla ce, kada a gina lissafi a kanta. Wadda ake dubawa ita ce mai haruffan RMS, watau ƙarfin da kaya ke iya ɗauka na tsawon lokaci. Kuma lallai a duba a kan om nawa aka faɗe ta, domin injin da ke ba da wat 500 a om 4 abin da zai bayar a om 8 bai fi wajen 300 ba.

Mutane da yawa suna zaton ƙaramin inji ba zai iya ƙone babbar lasifika ba. Yana iyawa. In aka murɗa shi ya wuce ƙarfinsa, sai sauti ya fara tsagewa, jar fitilar da aka rubuta Clip ta tsaya cak ba ta ƙiftawa. Wannan tsagaggen sauti yana dafa kwail, musamman na 'yar ƙaramar lasifikar sama wadda ake kira tuwita. Shawarar da masana ke bayarwa ita ce inji ya ɗara lasifika ƙarfi, kamar da rabi ko ninki biyu na RMS ɗinta, sa'an nan a riƙa sa ido kada jar fitila ta zauna.

Ya kamata kuma mai kaya ya san abin da yake saye da wannan kasada. In an ninka wat sau 2, abin da ke ƙaruwa desibel 3 ne kacal, ƙari kaɗan a kunne. Kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka wat wajen sau 10. Ashe wanda ya kashe inji domin neman ƙarin wat ya sai da akuya ne ya sayi kaza. Ɗaga akwati a kan sanda ko tebur ya wuce kawunan mutane, a fuskantar da shi ga taro, ya fi ƙarin akwati biyu a ƙasa amfani, maƙwabta da majinyata kuma su sami sauƙi.

WAYA MA TANA DA NATA

Waya ita ma tana da turjiya, kuma tana ƙaruwa da tsawo da siranta. Siririyar wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 0.5, in aka ja ta mita 30 zuwa akwati, zuwa da dawowa mita 60 ke nan, turjiyarta ta ɗara om 2. In akwatin om 4 ne, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin inji a cikin waya yake ƙarewa, ya zama zafi. Amma mai kaurin murabba'in milimita 2.5 a wannan tsawo ba ta kai rabin om ba. A kuma kula da wayar alminiyum da aka shafa wa tagulla a sama. In an kankare ta da wuƙa aka ga fari a ciki, ita ce, kuma ba ta kai tagulla ɗaukar wuta ba.

Abin da ya fi om 2 haɗari shi ne om sifiri, watau jar waya ta taɓa baƙa. Silin gashi ɗaya na waya da ya kauce ya isa. Don haka masu sana'a suka koma ga filogin Speakon, wanda kamfanin Neutrik ya fito da shi a 1987. Ana soka shi a murɗa ya kulle, ba ya zarewa in yaro ya yi tuntuɓe da waya, ƙarfensa kuma a ɓoye yake. Amma kada a kuskura a sa wa wayar lasifika filogi irin na wutar gida, domin wata rana wani zai soka shi a soket.

Sa'an nan a tabbata ja na tafiya da ja a kowane akwati. In aka juya na ɗaya, faifansa zai riƙa shiga lokacin da na ɗan'uwansa ke fita, sai su cinye amon juna, dukan ganga ya ɓace. Mai kaya ya ga sauti babu nauyi, ya ƙara murɗawa, ya jawo wa kansa. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗauki batir ɗin tocila mai bolt 1.5, a taɓa kansa da jar waya, gindinsa da baƙa, na ɗan ƙiftawar ido. In faifai ya turo waje, haɗi daidai ne.

NA MASALLACI DABAN NE

Yawancin masu hayar nan su ne ake kira in lasifikar masallaci ko ta Islamiyya ta sami matsala, saboda haka ya kamata su san bambancin. Injinan da aka saba gani a masallatai, irin na kamfanin Ahuja na Indiya ko TOA na Japan, suna da jerin kusoshi a baya: COM, da 4, da 8, da 16, da 70V ko 100V. Waya ɗaya kullum tana kan COM, ɗayar kuwa a kan lambar da ta dace da lissafi. Kan lasifikar ƙarfe mai bakin kakaki yawanci om 16 ne. Guda 2 kafaɗa da kafaɗa sai kusar 8, guda 4 sai kusar 4.

Kusar 100V kuwa an yi ta domin doguwar waya da lasifikoki masu yawa, amma da sharaɗin kowace lasifika tana da 'yar taransifomarta. A nan ba a lissafin om, wat ake tarawa. Inji mai wat 120 zai ɗauki lasifika 10 da aka saita kowace a wat 10, a bar masa sauran 20 na numfashi. In aka ɗauki kai mai om 16 marar taransifoma aka jona a 100V, lissafi ya nuna wat 625 ake nufin tura wa abin da aka yi domin wat 40. Ba kuma a jona kaya a kusar om da kusar 100V a lokaci guda. Har ila yau lasifikar ƙarfe domin murya aka yi ta, in aka sakar mata dukan gangar DJ ba tare da na'urar tace sauti ba, ba ta daɗewa.

ZAFI DA ƘURA DA JANARETA

Injin da ke aiki daidai kan iyakarsa a ɗaki mai sanyi, ba lallai ya jure a ƙarƙashin rumfa a Suleja cikin watan Maris ko Afrilu ba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska. A riƙa hure su, kada a rufa wa inji zane, kada a aje shi a rana. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida. In ƙaramin janareta ya gaza, wuta ta faɗi, inji zai fara tsaga sauti tun bai kai ƙarfinsa ba. A kunna janareta ya daidaita tukuna, a kunna kwamfuta da mikisa, amfilifaya ya zama na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa. Ba a soka ko zare wayar lasifika inji yana kunne. In fis ya tsinke, a sa irinsa mai lamba ɗaya bayan an gano dalili. Wanda ya naɗa masa takardar gwangwanin taba ko guntun waya ya kori maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

GA MAI SAYE A KUDU

To, jama'a masu aikawa da kaya gida, ga abin da za ku riƙe. Kada a sayi inji yau, akwatuna baɗi, ba tare da an rubuta lambobinsu ba. A tambayi mai kanti abu uku: om nawa ce iyakar inji a kowace tasha, wat nawa na RMS yake bayarwa a kan wannan om, kuma kowane akwati om nawa ne. A sa ya auna akwatin da mita a gabanka. A sayi waya mai kauri da filogi da mita tare da kayan, a kuma karɓi littafin inji a haɗa a cikin kwali. In kuɗi bai kai inji biyu ba, a tsaya a akwatunan da inji ɗaya zai ɗauka.

Wanda ba ya son wannan lissafi yana iya sayen akwatuna masu amfilifaya a cikinsu, waɗanda masana'anta ta riga ta daidaita. Sun fi tsada, kowanne kuma yana bukatar tasa wayar wuta, kuma ba a jona musu bakin wani amfilifaya, daga mikisa suke karɓar sauti.

Daga ƙarshe, kafin yaro ya karɓi hayar farko, a tura shi wurin mai gyaran rediyo ya yi ko da mako biyu yana kallon yadda ake aune-aune. A rubuta masa da fenti a jikin akwatin inji yawan lasifikar da kowace tasha za ta ɗauka, domin ranar da abokan ango suka matsa masa ya sami abin nuna musu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa wa neman kowa albarka, ya kuma kiyaye mana dukiya da zumunci, amin.